Gozaki, Lissafin Wata Da Azumin Mutanen Hindu

Gozaki tsohon gari ne a kudancin ƙasar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Kafur ta yanzu, kuma masana tarihi sukan ambace shi tare da Maska cikin garuruwan da suka yi suna da noman auduga tun kafin jihadi. Wanda ya taso daga Zariya cikin damina, ya biyo ta Funtuwa ya nufi wajen Malumfashi, ba abin da idonsa zai gani dama da hagu sai masara da dawa da waken soya, jefi-jefi da gonakin auduga, waɗanda suka ragu ƙwarai in an gwada da zamanin da injin gurza na Bisije ke cin kasuwarsa a Funtuwa. Ƙasa ce mai albarkar noma, mutanenta kuwa duk abin da za su yi, aure ne ko gini ko tafiya Hajji, sai sun dubi abin da gona ta bayar.

Manomin wannan yanki yana riƙe da lissafi biyu a kansa, ko da bai taɓa zama ya rarrabe su ba. Na farko shi ne lissafin wata, wanda da shi yake sanin watan Cika-ciki da na Takutaha da na Azumin Tsofaffi, har zuwa Azumi da Salla da Layya. Na biyu shi ne lissafin taurari, wanda malaman hisabi suka gada daga littattafan Larabawa, watau masaukan wata 28 da aka raba wa yanayi huɗu, kowane yanayi taurari bakwai, kowane tauraro kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Taurarin damina su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasra da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Wannan lissafi na biyu, ko da yake sunansa masaukan wata, a hakika tafiyar rana yake bi, don haka ba ya gocewa daga shuka da noma da girbi. Wata na ibada, tauraro na gona, kowanne da aikinsa.

Mai karatu zai ce, to ina abin da ya haɗa Gozaki da mutanen Hindu? Abin da ya haɗa su ya fi yadda ake zato. 'Yan kasuwar Indiya sun daɗe a ƙasar nan. Kamfanin Chellarams ya fara ciniki a Nijeriya tun 1923, kuma yawancin waɗancan fatake na farko mutanen Sindi ne mabiya addinin Hindu. A shekarun 1970 da farkon na 1980 gwamnatocin jihohin Arewa sun ɗauko malamai masu yawa daga Indiya domin koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, manyan ma'aikatanmu da dama kuwa ta hannunsu suka bi. Kamfanin Olam, mai sayen amfanin gona, a Nijeriya 'yan kasuwa Indiyawa suka kafa shi a 1989. Babur ɗin Bajaj da ke kai taki gona, da riɗi da waken soya da ake lodi a kai Dawanau ta Kano, da majinyatanmu da ke zuwa asibitocin Delhi da Cennai, duk igiyoyi ne da suka ɗaure mu da waɗannan mutane. Muna ciniki da su, muna karɓar maganinsu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san dalilin da ya sa abokin ciniki zai ƙi cin shinkafa yau alhali jiya ya ci.

Mun sauka Gozaki cikin watan Muharram na 1445, wanda ya yi daidai da ƙarshen Yuli na 1923 da ɗari, watau 2023, ana tsakiyar maimai. Bayan La'asar aka zauna a zauren mai masaukinmu, zance ya biyo ta kan gardamar ganin wata da ba ta ƙarewa. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki ya koma gona, ya ce shi abin da ke damunsa shi ne ma'aikaci ba ya iya sanin ranar hutun Salla sai daren jajibere, ɗan kasuwa ba ya iya tsai da ranar lodi. Ya ce malaminsu na lissafi a sakandare, wani Ba'indiye, yana da ɗan littafi da ke nuna masa ranakun azuminsa na shekara guda cur tun kafin shekarar ta kama, sau biyu a kowane wata ba ya cin hatsi, kuma bai taɓa ganinsa ya fita duban sama ba. Ya ce da mu ma haka muke yi, da an huta da saɓani. Maganar ta yi nauyi a zauren, domin ba mutumin banza ne ya faɗe ta ba, kuma mun ji irinta a Kaduna da Kano. Ita ce ta sa muka ga ya kamata mu shimfiɗa wa masu karatu yadda lissafin nan na mutanen Hindu yake, su duba da kansu ko ya raba su da saɓani.

Ba mu ne Musulmin farko da suka leƙa wannan fage ba. A zamanin Halifa Mansur, wajen shekarar 770, aka kawo wani littafin taurari na Indiya Bagadaza, Fazari ya mai da shi Larabci, aka san shi da sunan Sindhind, kuma lambobin da muke rubutu da su har yau Larabawa lambobin Hindu suke kiransu. Sa'an nan Abu Raihan Al-Biruni, mutumin Hawarizma da aka haifa a 973, ya zauna cikinsu a zamanin Sarki Mahmudu na Gazna, ya koyi harshen malamansu, ya gama littafinsa Tahƙiƙu Ma Lil Hindi wajen 1030. A ciki ya keɓe babi guda ga ire-iren azuminsu, wani babin ga ranakun da ake yinsa, ya kuma bayyana tun farko cewa nufinsa ya faɗi abin da mutanen ke yi kamar yadda suke yinsa. Hanyarsa za mu bi a nan. Abu na farko da ya lura da shi har yau yana nan: ba su da wata guda da aka wajabta wa kowa da kowa kamar Ramalana. Azuminsu na ganin dama ne, ko na alwashi, ko na kaffara, ko al'adar gida, kuma suna yinsa ne domin abubuwan bautarsu, wannan ya zaɓi Bishnu, wancan ya zaɓi Shiwa.

Tushen lissafin duka kalma guda ce, tithi, kada kuwa a rikita ta da titin mota. Masana falaki sun raba da'irar sama daraja 360. Wata yakan ci kimanin daraja 13 a yini da kwana, rana kuwa daraja guda, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa da kimanin daraja 12 kullum. To, lokacin da wata zai ɗauka ya ƙara wa rana tazarar daraja 12 cif, shi ne tithi guda. Daga haɗuwar rana da wata zuwa wata haɗuwar akwai tithi 30, sha biyar na rabin da wata ke girma, wanda suke kira farin rabi, sha biyar na rabin da yake raguwa, watau baƙin rabi. Amma da yake wata ba tafiya ɗaya yake yi ba, wani lokaci ya yi sauri wani lokaci ya yi nawa, tithi yakan gajarta ya kusa sa'a 19 ko 20, yakan kuma yi tsawo ya kai sa'a 26. Yana iya shiga da hantsi, yana iya shiga da tsakar dare. Sai suka yi ƙa'ida, tithin da rana ta fito a cikinsa shi ne sunan wannan yini. Daga nan abin mamaki ya biyo baya. In tithi ya shiga bayan fitowar rana ya fita kafin ta sake fitowa, babu yinin da zai ɗauki sunansa, sai a ga kalanda ta tsallaka daga 6 zuwa 8. In kuwa ya yi tsawo har rana ta fito sau biyu a cikinsa, sai a yi 7 ga wata yau, gobe ma 7 ga wata. Duk wannan malamansu ke lissafawa su buga cikin littafin shekara da ake kira pancanga, shi ne ɗan littafin da dattijon Gozaki ya gani a hannun malaminsa.

Azumin da ya fi yaɗuwa shi ne na Ekadashi, ma'anarsa na goma sha ɗaya, watau tithi na 11 a farin rabi da na 11 a baƙin rabi, sau 24 ke nan a shekara. Da yake su daga haɗuwar rana da wata suke fara ƙirga, mu kuwa sai jinjirin wata ya tsaya, suna gabanmu da kwana ɗaya ko biyu. Ekadashin farko yakan faɗo wajen 9 ko 10 ga watanmu, na biyu wajen 24 ko 25. Mai yinsa yana kamewa daga fitowar rana har wata fitowar, ya buɗe baki da safiyar tithi na 12. Amma kamewar mataki-mataki ce. Akwai wanda ba ya sa komi a baka, akwai mai shan ruwa kaɗai, mafi yawa kuwa abin da suke bari shi ne hatsi da dangin wake: shinkafa, alkama, dawa, gero, masara. Madara da 'ya'yan itace da gyaɗa da dankali duk sun halatta, da gishirin dutse maimakon na teku. Abincin azumi da ya fi suna a yammacin Indiya shi ne sabudana, wasu 'yan ƙwayoyi farare da ake yi da sitacin rogo, a soya su da gyaɗa da dankali da barkono. Da muka faɗi haka a zaure aka yi dariya, wani ya ce ashe duk wanda rumbunsa ya ƙare cikin Agusta ya koma ga rogo da gyaɗa, a wajensu waliyyi ne. Sai dai kada a raina abin baki ɗaya. Cikin Ekadashi 24 ɗin nan akwai guda da ake kira Nirjala, watau marar ruwa, wanda ke zuwa a watansu na Jeshta, ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, lokacin da zafin arewacin Indiya ke kai matuƙa kafin saukar ruwa, mutum ya yini ya kwana bai kurɓi ko ɗigo ba. Wanda ya yi azumi cikin bazarar Katsina ya san abin da wannan ke nufi.

Mun ce Nirjala kullum cikin zafi yake zuwa, kuma a nan ne hanyarsu ta rabu da tamu. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, shekarar rana kuwa 365 da 'yan sa'o'i, bambanci kusan kwana 11. Su ba su yarda wannan giɓi ya taru ba. Duk bayan kimanin wata 32 da rabi sukan ƙara wata guda, shekarar ta zama mai wata 13, sau bakwai ke nan cikin shekara 19. Kuma ba wani sarki ko malami ne ke zaɓen watan da za a ƙara ba. Rana tana ratsa buruji 12 a shekara, a al'ada kowane wata tana shiga sabon buruji sau ɗaya. In aka sami watan da ya kama har ya ƙare rana ba ta sauya buruji ba, shi ne watan ƙari, adhika, sai ya ari sunan watan da ke biye da shi. Ba a ɗaura aure a cikinsa, ba a tarewa a sabon gida, ana dai yawaita azumi da sadaka, Ekadashi kuma ya zama 26 a wannan shekara. Watan nan da muke zaune a Gozaki muna kiransa Muharram, shi ne a wajensu Shrawana na ƙari, daga 18 ga Yuli zuwa 16 ga Agusta na 2023, har masu azumin Litinin-Litinin na Shrawana a arewacin Indiya suka yi Litinin takwas maimakon huɗu. A 2020 Ashwina aka ninka, a 2026 kuwa Jeshta.

Sunayen watannin nasu ma malamin hisabi na Gozaki zai gane su in an fassara masa, domin su ma suna da masaukan wata, nasu 27, kuma kowane wata yana ɗaukar sunan tauraron da yake cika kusa da shi. Kartika daga Kirittika ne, ita ce Surayya, wadda Bahaushe ke kira Kaza Mai 'Ya'ya. Caitra daga Citra ne, watau Simak. Jeshta shi ne Ƙalb, zuciyar Kunama, Maga kuwa Jabha. Abin da manominmu ya raba gida biyu, su sun ɗinke shi wuri guda, wata da tauraro cikin kalanda ɗaya.

Mu an rufe mana wannan ƙofa. Suratut Tauba, aya ta 36 da ta 37, ta tsai da adadin watanni a goma sha biyu ta kuma soke nasi'i, aka sake tabbatar da haka a Hajjin Ban-kwana, shekara ta 10 bayan Hijira. Malamai sun yi bayani biyu a kan nasi'in Larabawan jahiliyya: wasu suka ce jinkirta alfarmar wata ne zuwa wani watan domin su sami damar yaƙi, wasu kuwa, cikinsu har da Biruni, suka ce ƙarin wata ne domin Hajji ya riƙa dacewa da lokacin kasuwa da amfanin gona. Ko wanne aka ɗauka, sakamakon a gonar Gozaki ake ganinsa. Ramalana yana zagaya yanayi duka cikin kimanin shekara 33. Tsararmu sun ga azumin damina muna yara, a 1980 da ya kama tsakiyar Yuli, iyayenmu na sunkuye bisa kuyya da ƙishirwa. Muka ga na hunturu wajen 1998 zuwa 2000, gajeren yini ga hatsi cike da rumbu. Damina ta sake riskarsa a 2012 da 2013. Ga shi daga 2020 zuwa 2024 ya bi ta cikin zafin bazara. A ganinmu akwai adalci a cikin wannan zagaye, domin babu ƙasar da aka ɗora wa azumin zafi har abada, babu kuma wadda aka bar wa na sanyi. Abin da ya ci mana shi ne dole manomi ya riƙe lissafi na biyu domin gonarsa.

Wanda yake son ya ga amfanin da su suka samu, ya dubi jihar Maharashtara, wadda ƙasarta ta yi kama da tamu ƙwarai: dawa, gero, auduga, rake, waken soya, damina daga Yuni zuwa Satumba. Ekadashin farin rabin Ashada yana zuwa ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, bayan an yi shuka, kuma a ranar ne dubun dubatar manoma ke isa garin Pandarpur bayan tafiyar ƙasa ta kusan mako uku daga Alandi da Dehu, nisan fiye da kilomita 200. Daga wannan rana ake shiga wata huɗu na kamewa da suke kira Caturmas, daidai tsawon damina, ba a biki, masu yawon zuhudu su zauna wuri guda, har Ekadashin Kartika lokacin kaka. Da ba a ƙara wata, da cikin shekara goma wannan tafiya ta koma tsakiyar bazara. A 2023 Ekadashin Ashada ya faɗo ranar 29 ga Yuni, ranar Babbar Salla ke nan a Indiya, har Musulmin wasu garuruwan jihar suka jinkirta yanka zuwa kashegari domin zaman lafiya da maƙwabta, tun da kwanakin layya ba ɗaya ba ne.

Sauran azuminsu za mu bi ta kansu da sauri. Nawaratri dare tara ne a farkon farin rabin Ashwina, Satumba ko Oktoba, akwai kuma irinsa a Caitra. Cikin wannan azumi ne Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya ziyarci Amurka a Satumba na 2014, Shugaba Obama ya shirya masa liyafa, shi kuwa ruwan ɗumi kaɗai ya sha. Shiwaratri babba tana tithi na 14 na baƙin rabi, Fabrairu ko Maris, a yini da azumi a kwana ba barci. Ranar haihuwar Kirishna, tithi na 8 na baƙin rabi, sai tsakar dare ake buɗe baki. A Bihar masu bikin Cat sukan yi kimanin sa'a 36 ba ci ba sha. Akwai kuma wani tsohon azumin kaffara, Candarayana, da Biruni ma ya ambata: ran da wata ya cika mutum ya ci loma 15, kullum ya rage guda har ran da wata ya ɓace ya kwana da yunwa, sa'an nan ya riƙa ƙara loma guda-guda yadda wata ke girma.

Yanzu sai mu koma ga maganar dattijon. Shin lissafi ya raba su da saɓani? Bai raba su ba. Tun a kan farkon wata suka kasu: a Gujarat da Maharashtara da Karnataka da Andara wata yana ƙarewa ran da ya ɓace, a arewa kuwa, wajen Banaras da Rajastan da Bihar, yana ƙarewa ran da ya cika. Saboda haka daren Shiwaratri guda ne, amma na arewa zai ce cikin Falguna yake, na kudu ya ce cikin Maga. Tamilawa da mutanen Kerala da Bengal kuma watanninsu na rana ne. A kan Ekadashi kansa akwai mazhaba biyu. Waɗanda ake kira Simarta sun wadatu da tithin da rana ta fito a cikinsa. Mabiya Bishnu kuwa suka ce in tithi na 10 ya taɓa lokacin ketowar alfijir, wanda suka ƙaddara da minti 96 kafin fitowar rana, to yinin ya gurɓata, sai gobe. Sau da yawa a shekara kalanda guda takan nuna Ekadashi biyu a jere, maƙwabci na azumi maƙwabci na ci. Sa'an nan masu buga pancanga su ma iri biyu ne, masu bin ƙa'idojin tsohon littafin Surya Siddanta da masu bin awon falaki na zamani, kuma tsakaninsu akan sami bambancin sa'o'i a shigar tithi, abin da ya isa ya sauya rana.

Gwamnatinsu ta gwada gyara. A 1952 aka kafa kwamiti ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, ya tarar ana aiki da kalanda wajen 30 a ƙasar, ya ba da rahoto a 1955, aka ƙaddamar da kalandar ƙasa ranar 22 ga Maris, 1957. Ta shiga takardun gwamnati da sanarwar rediyo, amma mai azumi bai bar pancangar garinsu ba. Ko a 2024 an yi ta ja-in-ja a kan ranar Diwali, bikin fitilu da attajiransu ke buɗe sabon littafin ciniki a cikinsa. Tithin ɓacewar wata ya shiga da yammacin 31 ga Oktoba ya fita da yammacin 1 ga Nuwamba. Malaman Banaras suka ce 31 ne, domin shi ya haɗa da tsakar dare, wasu malaman suka ce 1 ga wata ne, domin shi rana ta fito a cikinsa, kasuwar hannun jari ta Mumbai kuwa ta yi cinikinta na neman albarka ranar 1 ga Nuwamba. Ba wanda ya yi musun inda wata yake a sama, har minti sun sani. Abin da aka yi musu a kansa shi ne wace ƙa'ida za a ɗora a kan lissafin, wa kuma ke da ikon yanke magana. Wannan shi ne ainihin ciwon da ke damunmu mu ma, kuma a nan mun fi su sauƙi ta fuska guda, tun da muna da Sarkin Musulmi da kwamitin duban wata da sanarwarsu ke haɗa mafi yawan jama'a. Lissafi yana da amfani babba wajen gane shaidar da ba ta yiwuwa, kamar wanda zai ce ya ga jinjirin wata alhali watan ya riga rana faɗuwa, amma ɗan littafin malamin lissafi bai hana danginsa gardama ba.

Har saɓanin mafitar wata da fuƙaha'unmu suka daɗe suna tattaunawa, su ma suna da irinsa. Tithi yana shiga lokaci guda a duniya duka, amma fitowar rana kowane gari da tasa, agogon Indiya kuwa yana gaban namu da sa'a huɗu da rabi. Saboda haka Ba'indiyen da ke zaune Kano ko Ikko, in ya bi kalandar da aka aiko masa daga gida, wani lokaci yakan yi azumi a ranar da ba ita ce tasa ba bisa ƙa'idarsu. Masu tsanantawa cikinsu sukan nemi lissafin garin da suke zaune. Ɗan kasuwar da ke da alkawarin awo ko biyan kuɗi da su cikin Oktoba da Nuwamba, gara ya tambayi abokin cinikinsa ranar tasa da bakinsa, kada ya dogara ga abin da ya gani a wayar hannu.

Akwai kuma inda lissafin duka ke komawa gefe a nemi ido. Mutanen Sindi, kakannin waɗancan fatake, sabuwar shekararsu Ceti Cand tana tithi na 2 na Caitra, ranar da jinjirin wata ke bayyana. Sa'an nan ga Karwa Caut, wanda matan gidajenmu suka fi mu sani, domin finafinan Indiya sun nuna musu shi tun ba yau ba. Matan aure ne na arewacin Indiya ke yinsa, kwana huɗu bayan cikar wata, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, domin roƙa wa miji tsawon rai. Sukan ci wani abu kafin gari ya waye, kamar sahur, su yini ba ci ba sha, kuma faɗuwar rana ba ta buɗe musu baki. Sai wata ya fito. Mu jinjiri muke nema a yamma bayan Magariba, su kuwa babban wata mai raguwa suke jira daga gabas, wajen ƙarfe takwas na dare ko fiye. Pancanga ta riga ta faɗi mintin fitowarsa, amma matar tana bisa soro da rariya a hannu, sai ta gan shi ta cikin rariyar, ta juya ta dubi mijinta, sa'an nan ya ba ta ruwa. In hadari ya rufe gabas sai a yi ta jira, wasu su buga waya wata unguwa su tambaya ko an gani. Wadda mijinta ke aiki a Kano kuwa, 'yar'uwarta ta Delhi za ta sha ruwa ta ci tuwonta ta kwanta, ita tana nan da sauran sa'o'i kafin watan ya hau kan Dala.